Tambaya da Amsa: Wai me ya zaunar da Ahmad Lawan a majalisa tun 1999?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, an haife ni 2001. Jiya a wajen mai shayi muna gardama sai wani ya ce wai tun ba a haife ni ba Sanata Ahmad Lawan yake majalisar tarayya kuma bai taɓa fita ba. Da gaske ne? Kuma doka ta yarda mutum ya yi ta zama haka? Daga wani ɗalibi a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin naka gaskiya ya faɗa maka. Ahmad Ibrahim Lawan ya shiga majalisar wakilai a 1999 yana wakiltar Bade da Jakusko na jihar Yobe, ya sake ci a 2003, sai a 2007 ya haura majalisar dattawa a matsayin sanatan Yobe ta Arewa, daga nan kuma 2011, 2015, 2019 da 2023 duk shi ya dawo. Zaɓe bakwai ke nan a jere. Kuma doka ba ta hana ba, tsarin mulkin 1999 shugaban ƙasa da gwamnoni ya yanka wa wa'adi biyu na shekara huɗu-huɗu, amma ɗan majalisa in dai jama'arsa na turo shi to ko sau goma ne sai ya dawo. David Mark na Binuwai ma shekara 20 ya yi a majalisar dattawa, daga 1999 zuwa 2019.

Mutumin Gashua ne, can aka haife shi a watan Janairun 1959. Da yawa ba su san malamin jami'a ba ne kafin siyasa. Labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Maiduguri ya gama 1984, ya koma can ya koyar, sannan ya tafi Jami'ar Cranfield a Ingila inda ya yi digirin digirgir a 1996 kan nazarin ƙasa ta hanyar hotunan tauraron ɗan'adam. Shi ya sa za ka ga maganarsa ma a tsanake take kamar mai ba da lacca, ba ya cikin sanatocin nan masu dukan tebur.

To me ya zaunar da shi? Ni a ganina abu na farko jiharsa ce. Tun 1999 PDP ba ta taɓa cin gwamnan Yobe ba, daga APP aka koma ANPP aka shiga APC, gida ɗaya ne suna kawai ake canza masa, shi kuma bai taɓa tsallakawa wani gidan ba, shekara 16 ya yi yana ɗan adawa a Abuja lokacin da PDP ke rabon komai, wasu takwarorinsa suna ta sauya sheƙa shi yana zaune. A irin wannan jiha in ka samu tikiti to ka gama rabin aiki.

Na biyu haƙuri, kuma nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau. Ranar 9 ga Yunin 2015 APC ta riga ta tsayar da shi shugaban majalisar dattawa, kowa ya ɗauka an gama. Da safe aka ce sanatocin APC su hallara a babban ɗakin taro na ƙasa da ƙasa da ke Abuja za su gana da Shugaba Buhari, shi da mutanensa suka tafi can suka zauna suna jira, su kuwa sanatoci 57, yawancinsu 'yan PDP, suna cikin zauren majalisa suka zaɓi Bukola Saraki ba hamayya. Kafin mutanen Lawan su garzayo an riga an rantsar. Ka ƙaddara kai ne, abinci ya zo bakinka a ƙwace a gaban duniya. Wani da fushi zai yi ya bar jam'iyya ko ya koma zage-zage a jarida. Shi ya koma kujerarsa ya zauna, a Janairun 2017 aka cire Ali Ndume aka ba shi shugaban masu rinjaye, sai ranar 11 ga Yunin 2019 ya ci shugabancin majalisar da ƙuri'a 79, Ndume na da 28. Mahaƙurci mawadaci, a nan kam karin maganar ta zauna daidai.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu nan muna jin ana ce wa majalisar da ya shugabanta 'yan amshin Shata, kuma har yau maganar Bashir Machina ba ta bar bakin mutane ba. Don Allah ka faɗa mana ra'ayinka tsakani da Allah, ba kwana-kwana. Daga wata 'yar'uwa a Nguru.

AMSA: Barka kadai Hajiya, kuma ke ce ma ya kamata ki ba mu labari tunda Nguru na cikin ƙananan hukumomi shida na mazaɓarsa, tare da Bade, Jakusko, Karasuwa, Yusufari da Machina.

Bari in fara da abin da ba za a ƙwace masa ba. A zamanin Saraki ana ta kai ruwa rana da fadar shugaban ƙasa, kasafin kuɗin 2018 sai a watan Yuni aka sa masa hannu, rabin shekara ta wuce ma'aikatu na zaman jira. Da Lawan ya hau, kasafin 2020 tun Disambar 2019 aka sa hannu, aka dawo tsarin Janairu zuwa Disamba. Dokar man fetur ta PIA da aka fi shekara goma ana jan ƙafa a kanta a lokacinsa ta fita, Agustan 2021. Sabuwar dokar zaɓe ma ta fita a Fabrairun 2022. Wannan aiki ne, kuma daɗewarsa ta taimaka, don wanda ya san lungu da saƙon majalisa ya san inda ƙudiri ke maƙalewa.

Amma Hajiya, gaskiya sunan nan da aka sa musu ba a banza ba ne, kuma abin na ci mini rai. Majalisa fa an kafa ta ne don ta riƙe wa gwamnati linzami, musamman kan kuɗi. Duk takardar cin bashi da Buhari ya aiko wucewa take kamar ruwa a kwalbati. Wanda ya fi tsaya mini a wuya shi ne bashin da gwamnati ta yi ta kwasa daga Babban Banki, naira tiriliyan 22.7, alhali dokar bankin a lokacin ta ce kada irin wannan rance ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. A Disambar 2022 sanatoci sun yi ta hayaniya a zaure suna cewa a kawo bayanin inda kuɗin suka tafi, amma a Mayun 2023, saura 'yan makonni su sauka, aka amince aka maida shi bashi na dogon zango. Kuma abin takaicin shi Lawan ɗin ya daɗe yana shugabantar kwamitin bin diddigin kuɗin gwamnati lokacin yana adawa, ba wanda zai ce bai san abin da ake yi ba. Yawan buga kuɗi irin wannan yana cikin abin da ya sa kwanon masara ya fi ƙarfin talaka.

Maganar Machina kuwa ga yadda ta kasance. A 2022 Lawan ya fito neman shugaban ƙasa, har shugaban APC na lokacin Abdullahi Adamu ya sanar da shi a matsayin ɗan takarar maslaha, gwamnonin Arewa suka ce ba da su ba, dole mulki ya koma Kudu. Aka je zaɓen fidda gwani a dandalin Eagle Square da ke Abuja Tinubu ya samu ƙuri'a 1,271, Lawan ya zo na huɗu da 152. To kafin nan, ranar 28 ga Mayu, an riga an yi firamaren sanata na Yobe ta Arewa, Bashir Machina ya ci, Lawan bai shiga ba. Aka nemi Machina ya janye ya ce atafau, jam'iyya ta miƙa sunan Lawan ta ce ai ta sake wani firamaren ranar 9 ga Yuni. Babbar kotun tarayya a Damaturu ta ba Machina gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, sai ranar 6 ga Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli, alƙalai uku cikin biyar, ta ba Lawan, kan cewa hanyar da Machina ya bi ya shigar da ƙarar ba daidai ba ce tunda akwai zargin maguɗi a ciki. Sauran alƙalan biyu suka ce Machina ne halastaccen ɗan takara.

Hukuncin Kotun Ƙoli ya zauna, ba mai tayar da shi, kuma mutanenku sun fito ranar 25 ga Fabrairu sun zaɓe shi. Amma tunda ra'ayina kika tambaya, ni da zan ba Sardaunan Bade shawara a lokacin da cewa zan yi ya bar wa Machina. Mutumin da ya yi shekara 24 a majalisa, ya zama mutum na uku a ƙasa, daliget ɗin mazaɓarsa kuma sun riga sun kaɗa wa wani ƙuri'a, bai kamata a ce ta ƙofar kotu ya dawo ba.