Amsar Kawu: kuntigi na kowa ne, tambari na sarki

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kana so ka haɗa kalangu da kuntigi da kiɗan kwamfuta, ka kuma buɗe waƙar biki da tambari, kana tambaya ko hakan raina al'ada ne.

Haɗawar kada ta dame ka. Ka taɓa riƙe kuntigi a hannunka? Gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya, aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Gwangwanin nan ba kakanninmu suka ƙera shi ba, daga kanti ya fito. Da shi marigayi Ɗan Maraya, ɗan Bukuru nan kusa da mu, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi faɗa da auren dole, har Allah ya karɓi ransa a 2015, ban taɓa jin wanda ya ce ya ɓata gargajiya ba. Haka Ali Farka Ture na Mali ya kwashe kiɗan garinsu Niyafunke ya zuba a jita, har ya ci kyautar Grammy. Sai dai shi da molon gida mai tsirkiya ɗaya ya fara tun yana yaro, jita daga baya ta zo.

Tambari kam, a'a. Kowace ganga da mai ita. Kalangu asalinsa na mahauta ne, shi ya sa yake shiga kasuwa da gidan biki ba shamaki. Tambari da kakaki na fada ne, ranar naɗin sarauta ko sallah ake jin su, kuma jin su na nufin sarki ne. Bara a wani biki a nan Jos, mai kiɗa ya saki kakaki daga na'ura lokacin da ango ke shigowa. Samari suka yi ta tafi, mu dattawa muka sunkuyar da kai. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Kalangun ma magana yake yi, yana kiran taken mutum da kirarinsa. In ba ka san abin da yake faɗa ba, za ka yanko taken wani ka liƙa wa wani.

Ka zo ranar Asabar bayan La'asar, in kai ka Gangare wajen wani tsohon makaɗi, abokina ne. Ka riƙo masa goro. Ka gaishe da mahaifiyarka.