Filin Tambaya da Amsa: Ina zan ɗora kondansater a cikin ampli mai kwalba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya. Ni mai gyaran rediyo ne a unguwar Ali Ɗan Sofo nan Maradi, na samu wani tsohon transfo da kwalabe biyu EL34 da GZ34 guda, wato kwalaben gilashin nan na cikin tsoffin rediyo, sai na ce bari in haɗa ampli da hannuna. Na sayi kondansater 47 mikro na volt 450, na manna su da gam ɗin bindiga a saman tol, wato ƙarfen jikin ampli, kusa da kwalaben don wajen ne akwai fili. Yanzu in ya yi awa guda yana aiki sai in ji sun ɗau zafi, gam ɗin ma ya fara saki, kuma bafil na ta gurnani huuum. Ina ya kamata in sa su, kuma da mi zan ɗaure su?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi na ji daɗin tambayar nan, amma kafin komi don Allah cire amplin daga wuta, kar ka sake kai hannu ciki sai ka gama karanta wannan.

Kondansater ɗin nan ba irin na rediyon batir ba ne, yana riƙe da volt sama da 400 ko bayan ka kashe ka zare fish, kuma wannan ya isa ya tsaida zuciyar mutum. Ka sa mishi rezistans 220k mai wat 2 ko fiye tsakanin ƙafar plus da ƙafar mwan, ka sode ta nan ta zauna har abada, ita za ta riƙa zuƙe wutar cikin minti ɗaya zuwa biyu in an kashe. Duk da haka kar ka yarda da ita ido rufe, rezistans na iya tsinkewa ba ka sani ba, kullum auna da miltimetir sai ka ga ya sauko ƙasa da volt 10, hannu guda kana aiki ɗayan na cikin aljihu, ƙafa da takalmin roba. Kuma abin nan da yara ke yi a shago na haɗa ƙafafun da turnebis ya yi tau, kar ka gwada shi a nan.

To batun wuri. Zafi shi ne ajalin kondansater, don ruwa ne a cikinshi kuma zafi na busar da shi a hankali. Duba jikinshi za ka ga an rubuta 85 ko 105, iya zafin da zai jure kenan, kuma masu ƙera su sun ce duk digiri 10 da ka rage mishi kwanansa na ninkuwa biyu. Kwalbar EL34 kuwa in tana aiki tana iya kai digiri 200, ga mu a Maradi inda watan Afrilu da Mayu iskar shago kanta ta wuce 40 tun kafin ka kunna komi, to ka ga inda ka aje shi kamar ka jingina shi da murhu ne. Mai da shi ƙarƙashin tol, can gefen transfo, nesa da gindin manyan kwalabe da rezistans masu ɗaukar zafi, ka huda ramuka ƙanana sama da ƙasa iska ta riƙa wucewa. In dole sai a sama, bar tazarar yatsu huɗu aƙalla ka gitta ɗan ƙarfe tsakaninshi da kwalaben. In ka samu mai 105 a kasuwa shi za ka saya ko da ya ɗan fi tsada, har ma mai volt 500 in akwai, saboda wuta na hawa da sauka musamman in a kan gurup kake.

Gam ɗin bindiga kam ka manta da shi. Babban kondansater da zobensa na ƙarfe ake ɗaure shi da noti, ƙanana kuma a kan allon soda ko a ɗaure su da igiyar roba mai zugewa, kar nauyinsu ya rataya a ƙafafunsu don in aka ɗauki ampli a babur zuwa wajen biki ƙafar za ta karye. Silikon mai warin tsami ma kauce mishi, yana cin tagulla. Kan nan nasa da aka tsaga kamar gicciye ƙofa ce da yake buɗewa in ya kumbura, kar ka toshe ta, kar kuma ta kalli fuskarka. Plus da mwan ka duba sau biyu, in ka juya su fashewa zai yi.

Gurnanin kuwa ina kyautata zaton hanyar wayarka ce. Mwan ɗin kondansater na farko, wato wanda ke karɓar wuta daga GZ34, ka kai shi kai tsaye ga wayar tsakiya ta transfo da gajeriyar waya mai kauri, daga nan ne za ka taɓa tol a wuri ɗaya tak, kar wannan layin ya bi ta kusa da inda sauti ke shiga. 47 mikro ɗinka ya yi daidai da GZ34, iyakarta 60 ce a na farko, kar wani ya ce ka ƙara 220 mikro don kashe gurnani, kwalbar za ka ƙona.

In ka gyara, kunna shi awa guda, kashe, auna ka tabbata wutar ta sauka, sannan ka taɓa jikin kondansater. In ba ka iya barin yatsa a kai ba, sake matsar da shi ka rubuto mini.