An kama maigidana da jabun magani, shi kuma sarowa kawai ya yi

Tambaya: Barista, jami'an NAFDAC ne suka shigo kemis ɗin maigidana suka kwashe kwalayen maganin zazzaɓin cizon sauro wai jabu ne, suka tafi da shi. Wallahi bai sani ba, a wurin dila ya saro. Ɗaure shi za a yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya fitar da shi. Gaskiya lamarin ba ƙarami ba ne. Dokar hana jabun magunguna ta 1999, wadda ake kira Cap C34 a kundin dokokin tarayya na 2004, ba mai haɗa maganin kaɗai ta kama ba, har mai sayarwa, mai bajewa a kan kanta, kai har wanda aka same shi da shi a hannu, kuma maganin da ya ƙare aiki ma yana ciki. Hukuncin shi ne tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko duka biyun. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan shari'a. Sashe na 1 bai ce sai wanda ya sani ba, don haka "ban sani ba" ita kaɗai ba ta isa ba.

Amma kamu daban, tabbatar da laifi daban. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa masu ƙara nauyin su kawo hujjar da babu kokwanto a cikinta, ba shi ne zai wanke kansa ba. Jami'i ya ɗaga kwali ya ce rubutun ya koɗe ko lambar NAFDAC ta bogi ce, wannan dalilin kamu ne, amma a ce ƙwayar ba sinadarin magani a ciki ko bai kai adadi ba, sai sakamakon ɗakin gwaji, irin nasu na Kaduna ko na Yaba a Legas. Nan ne lauya mai hankali yake zama ya yi ta tambaya, wa ya ƙirga kayan, an rubuta lambar rukunin magani (batch) ta kowane kwali, maigidanki ya sa hannu a takardar kwashe kaya, an liƙe samfurin a gabansa, hannun wa da wa ya bi kafin ya isa wurin gwaji. Idan ranar an kwashe shaguna da yawa aka zuba a mota ɗaya ba alama, to ta yaya za a ce abin da aka gwada nasa ne? Kokwanto irin wannan wanda ake tuhuma yake amfana.

Abin da ya fi damuna shi ne sitatimen. Mutane da yawa da hannunsu suke ɗaure kansu, a tsorace a ce sa hannu nan ka tafi gida. Dokar ACJA ta 2015, wato dokar gudanar da shari'ar laifuka, ta ba shi dama a ɗauki bayaninsa gaban lauyansa, ya nemi hakan. In duka ko barazana aka yi masa, sashe na 29 na Dokar Shaida ya ba da damar a ƙalubalanci bayanin, a gaya wa lauya tun kafin a miƙa shi gaban alƙali.

Yau ɗin nan ki tattaro rasit, alat ɗin banki, hirarsu da dilan a WhatsApp, da lasisinsa na PCN, hukumar da ke ba masu sayar da magani lasisi. Ko ba su wanke shi ba suna nuna inda kayan suka fito, suna taimakawa wajen beli da neman sassauci, ko sasantawa da masu ƙara a ƙarƙashin sashe na 270 na Dokar ACJA idan gwaji ya fito ba daɗi. Don Allah kar a ɓoye sauran kaya ko a sayar, akwai yaron da zai sha yana zazzaɓi, a miƙa su ta hannun lauya. Wanda ya zo ya ce a kawo kuɗi zai kashe maganar, kar ku ba shi. Tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, ko biyu, in an wuce haka lauyanku ya shigar da ƙarar tauye haƙƙi.