Wane harsashi zan ba mai ƙaramar libarba?

Ka tambaye ni, idan mutum ya shigo shago da lasisinsa na ɗaukar bindiga a ɓoye, ƙaramar libarba a ƙugu, ya ce a zaɓa masa harsashin kare kai, wanne za ka miƙa masa. To saurara, yarona. Kada ka taɓa kwali tukuna. Ka ce ya cire harsasai ya buɗe silinda, wato gangar nan mai juyawa da ake zuba harsasai a ramukanta, ka karanta abin da aka rubuta a jikin bututun, domin a nan za ka ga irin harsashin da take ci.

Yawancin waɗanda ake ɗauka a nan Amurka masu cin biyar ne, bututunsu bai cika inci 2 ba, harsashinsu .38 Special ko .357 Magnum. Matsin da SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai, ta ƙayyade wa .38 Special shi ne psi 17,000 (psi ma'aunin matsi ne), mai alamar +P, wato mai ƙarin matsi, kuma 20,000, .357 Magnum kuwa 35,000. Idan ba a tabbatar bindigar tana ɗaukar +P ba, musamman tsofaffin masu jikin alminiyom, kada ka sayar masa. Ba lallai ta fashe ba, amma za ta sake da wuri, silinda ta fara wasa.

Matsalar gajeren bututu ita ce gudu. Albarushi bai gama ci ba harsashi ya fita, ga iskar da ke tserewa ta ratar da ke tsakanin silinda da bututu. Harsashi mai rami a ka, wanda aka yi shi don ya buɗe, yana bukatar gudu kafin ya buɗe. Shi ya sa wanda ya yi kyau a bututu mai inci 4 sai ya ƙi buɗewa a inci 2, balle idan tufa mai kauri ta toshe ramin. Ma'aunin da muke bi na FBI ne, wanda suka fitar bayan artabun da jami'ansu suka yi da 'yan fashi a birnin Miami a 1986: harsashi ya shiga inci 12 zuwa 18 a cikin jelatin ɗin gwaji. Shiga ita ce gaba, buɗewa ƙari ce. Don haka nemi wanda aka yi musamman don gajeren bututu, irin su Speer Gold Dot mai giren 135 +P (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne). Tsohon nan na dalma mai giren 158 mai rami a ka, wanda ake wa laƙabi da na FBI, har yau yana aiki. Mai raunin hannu ko dattijo kuwa, ba shi mai shafaffen kai na harbin takarda, giren 148. Ba ya buɗewa, amma yana shiga sosai kuma shurinsa kaɗan ne.

Ni ban cika son Magnum a ƙaramar bindiga ba. Ƙara da walƙiya da shuri sun fi ribar yawa, harbi na biyu sai ya ɓace.

Yanzu ga abin da yawancin masu saye ba su sani ba. Bindiga mara nauyi, mai sikandiyom ko titaniyom, tana fizgar baya da ƙarfi har kan harsasan da ba a harba ba ya riƙa zamewa gaba daga kwanso. Idan ɗaya ya leƙo ta gaban silinda, ta cije ke nan, kunama ba za ta jawu ba. Gwajinsa mai sauƙi ne. A filin harbi, a auna tsawon harsashi ɗaya, a sa masa alama, a cika biyar, a harba huɗu, a ciro mai alamar a sake aunawa. A maimaita da shi sau biyu ko uku. In ya ƙara tsawo yadda ido zai gani, matsin bakin kwanson bai isa ba, a canza iri. Dalma zalla ta fi yawan yin haka. Kuma wasu samfuran Smith & Wesson masu silindar titaniyom an rubuta a jikinsu kada a sa Magnum da ya gaza giren 120, saboda wutarsa tana cin fuskar silinda.

Sai firaima, ɗan maƙyastin da ke gindin kwanso. Shafa yatsa a kan kowanne. Wanda ya ɗago sama da gindin zai gogi jikin bindiga ya hana silinda juyawa. In kuma an taɓa sassauta sifirin don kunama ta yi laushi, guduma tana iya bugawa bai tashi ba. Firaimar kamfanin CCI ta fi ta kamfanin Federal tauri. Maganin wannan mayar da sifirin na kamfani ne, ba neman harsashi mai laushi ba.

Saitin waɗannan bindigogi a kafe yake, galibi an daidaita shi da giren 158. Harsashi mara nauyi yakan sauka ƙasa da inda aka auna. Sai ya harba a yadi 7 da yadi 15 ya ga inda nasa yake faɗawa. Aƙalla ya ƙone guda 25 na ainihin irin da zai ɗauka, ba na atisaye ba. Eh, da tsada.

Mai .357 da ke atisaye da .38, tuna masa ya goge ramukan silinda da burushi. Kwanson .38 ya fi gajarta, yana barin zoben dauɗa da zai hana dogon shiga ko fita. Wajen zubar da kwanso, bakin bindiga sama, a bugi sandar turo kwanso sau ɗaya da ƙarfi. Ƙwayar albarushi ɗaya a ƙarƙashin tauraron cirewa, wato ɗan ƙarfen da ke turo kwanso waje, ta isa ta hana silinda rufuwa.

Ramukan silinda su zauna a bushe, domin mai yana kashe firaima. Harsasan da ke cikin bindiga suna shan gumi, ya harbe su duk bayan wata shida zuwa shekara ya zuba sababbi. Kada ka sayar masa da harsashin da aka cika da hannu, wanda ba na kamfani ba, don wannan aiki. Kuma tambaye shi jihar da zai shiga, domin New Jersey tana da tsauraran dokoki a kan harsashi mai rami.