Amsa daga Zangon Kumasi kan hujjar yaƙi

Malam, ka tambaya me ya sa mu mutanen Zango ba ma ɗaukar makami idan rikicin sarauta ya tashi a nan Gana, har kana cewa ko jinin mazan jiya ya tsinke a jikinmu. Ba tsoro ba ne. Sai ka san yadda masu masaukinmu suke auna yaƙi kafin ka gane matsayinmu.

A wurin Asante, wato masu ƙasar Kumasi, ba kowane wulaƙanci ne ya isa a zubar da jini a kansa ba. A 1896 Turawan Ingila suka kama sarkinsu Prempeh na ɗaya suka fitar da shi daga ƙasar, ba a harba ko bindiga ɗaya ba. Amma a 1900, da Gwamna Hodgson ya zo Kumasi ya ce a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai, sai ƙasa ta kama da wuta, Yaa Asantewaa ta Ejisu ta ja gaba. Sarki mutum ne, ana iya naɗa wani. Kujerar kuwa, a imaninsu, ran al'ummar ne a cikinta, ko sarkin ma ba ya zama a kai. Mu ba mu yarda da wannan aƙida ba, amma ni dai ina girmama mutanen da suka san iyakar da za su mutu a kanta.

Ku ma can gida ai ba da ka aka yi jihadin 1804 ba. Sai da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, Yunfa Sarkin Gobir ya biyo shi da runduna, sannan aka gwabza a Tabkin Kwatto. Duk da haka Shehu Laminu na Barno ya rubuto yana tambaya: da wace hujja kuke yaƙar Musulmi, alhali saɓo ba kafirci ba ne? Muhammadu Bello bai raina tambayar ba, ya amsa da cewa Barno ta taimaki sarakunan da ke yaƙar jama'a. Ko ka gamsu ko ba ka gamsu ba, an nemi hujja kuma an kawo.

To mu wace hujja za mu kawo? Ƙasar ba tamu ba ce, kujerar ba tamu ba ce. Ga kuma tabo a tarihi: a cikin sojan Turawa da suka tsare barikin Kumasi a 1900 akwai waɗanda ake kira Hausawa, tsofaffin Asante ba su manta ba. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ma na sarautar Gwanja ne, amma fatakenmu ne suka watse zuwa Kete Krachi da sauran garuruwa.

Shi ya sa dattawanmu suka tsaya a kan cewa baƙo yana kare ransa da iyalinsa da masallacinsa idan an far masa, ba ya wuce nan. In matasa suka yi faɗa da 'yan gari, Sarkin Zango da limamai ne suke tashi su tafi fadar sarkin Asante da ke Manhyia a zauna.