Gonar marayu da tsuntsayen da suka halaka rundunar giwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya rasu ya bar yara huɗu da gona, ni nake riƙe da su. Bana wani mai hannu da shuni ya kafa turaku a gonar, ya ce tasa ce. Ina da takardar ciniki da shaidu biyu, ɗaya tsoho ne tukuf. Kawunmu ya ce in bar shi da Allah, wanda ya halaka rundunar giwa da tsuntsaye ba zai gaza ba, wai kai ƙara raunin tawakkali ne. Ni kuma ba ni da ƙarfin ja da mutumin. Me ya wajaba a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka, ya saka maka da alheri kan riƙon yaran nan.

Da gonar taka ce, ka nema ko ka yafe duk daidai ne, babu saɓani. To amma ta marayu ce, kai kuwa amana aka ba ka, kuma mai riƙon maraya ba shi da ikon yafe abin da ba nasa ba. Neman haƙƙin nan wajibi ne a kanka iyakar ƙarfinka.

Maganar kawu tana da rabin gaskiya. Allah yana kawo nasara ta inda ba a zata. Annabi Musa a gidan Fir'auna aka raine shi. A Badar, shekara ta 2 bayan hijira, Musulmi ɗari uku da 'yan kai ne da dawaki 2, suka karya runduna ta kusan mutum 1,000. Inda ban yarda da shi ba shi ne cewa barin sababi cikar tawakkali ne. Tsohon ra'ayi ne, wasu masu zuhudu sun tafi a kai, amma ƙissoshin da ake kafa hujja da su, su ne suke rushe shi.

A Shekarar Giwa, Ƙuraishawa ba su da abin tarar Abraha, shi ya sa suka janye kan duwatsu, ga shi ba a aiko Annabi (SAW) ba tukuna, balle a ce wannan ce shari'armu. Kai kuwa kana da takarda da shaidu. Dubi hijira: Manzon Allah ya nufi kudu zuwa kogon Sauru alhali Madina tana arewa, ya kwana 3 a ciki. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo labari da dare, Amiru ɗan Fuhaira yana koro tumaki su samu madara, an kuma ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ hayar jagora alhali ba Musulmi ba ne. Sai da aka yi duk wannan, maƙiya suka tsaya a bakin kogo, sannan ya ce wa Abubakar kada ya yi baƙin ciki, Allah yana tare da su. A Ahzab ma sai da sahabbai suka haƙa ganuwa cikin yunwa da sanyi, bisa shawarar Salmanul Farisi, kafin iska ta zo ta kife tukwanen maƙiya. Wa ya fi waɗannan tawakkali? Wataƙila takardar nan da ka raina da tsohon nan su ne naka tsuntsayen.

Fara da sulhu gaban mai unguwa ko dagaci, in ya ƙi sai kotu. Ka gaggauta a ji shaidar dattijon tun yana da lafiya, ka yi wa takardar kwafi ka ajiye a wuri biyu. A Malikiyya dogon shiru kan ƙasa yakan zama hujja ga wanda yake riƙe da ita, ana ambaton shekara 10. Ƙuruciya uzuri ce ga yaran, amma shaidu suna mutuwa, iyakoki suna ɓacewa.

Na ji tsoro a cikin maganarka, kuma ban zarge ka ba. Sai dai kada ya kai ka ga sayen shaidar zur, ko zuwa wajen boka, ko tara samari da gorori. In an yi maka barazanar da kake tsoron ranka, ka wakilta wani ya tsaya maka. Ko da hukunci bai zo yadda kake so ba ka sauke nauyi, don ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa, yankin wuta aka yanka masa. Kawu kuma ka je ka durƙusa ka yi masa bayani da ladabi, ka roƙe shi ya dage da addu'ar dare, ranar zaman sulhu ya raka ka.

Wallahu a'alam.