Tagogin Hira Sun Cika Mini Fuskar Kwamfuta

Tambaya: Malam, ina buɗe WhatsApp da Telegram a kwamfuta, tagogin suna hawa kan juna, har na taɓa tura wa wani saƙon da ba nasa ba. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, cunkoso ne ke jawo wannan kuskure mai ciwo. A Windows, ki danna tagar, sannan ki riƙe maɓallin Windows tare da kibiyar hagu ko dama, za ta koma rabin fuska ta zauna, danna maɓallan Alt da Tab tare kuwa zai kai ki daga taga zuwa taga. A ganina tagogi biyu sun isa. Sauran ki kashe musu ƙara, kuma ki riƙa duba sunan da ke saman hira kafin ki tura.